Rijiyar Masu Ibada a Gonar Marsel

Tun da na sauka daga mota a tashar Filinge ban huta ba. In na zauna teburin shayi, tambaya. In na fito masallaci, tambaya. Har wanda ya zo in duba mishi rijiyar garkarshi sai ya fara da "Haruna, yaya Faransi?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna in rubuta sau guda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Lakol aji huɗu na yi, kowa ya sani. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ranshi ya wuce.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai ginar rijiya ne, ubana ma haka. Shekara talatin da wani abu ina shiga rami, daga kwarin dallol inda gaba uku ke kai ka ga ruwa, har tudun da za ka yi gaba talatin ba ka ji ɗanshi ba. Gwiwoyina sun tafi, ƙirjina yana kuka da safe. Ƴaƴana maza biyu ba wanda ya ɗauki dagi. Ɗiyata Rakiya ita ce ta yi karatu, ta wuce Yamai, ta wuce Faransi, shekara shida tana can. Aikin me? Tonon kufai. Ku da kanku kun sha yi mani dariya a kan wanga. "Ɗiyar Haruna ta haye teku don ta gina rami, ga ramu a gida." Isa mai shayi, kai ka fara faɗin haka, ban manta ba.

Gaskiya ni ma haka na ɗauka. Da ta aiko da tikiti ta ce, "Baba, zo ka gani da idonka," na karɓa ne da niyya guda: in je in ce mata ya isa haka, ta tattara ta dawo gida ta koyar a makarantar lise kamar ƴaƴan mutane.

Tafiya ta fara da rago. Wani Bazabarme ya ɗaure ragonshi bisa motar, daidai saman tagar da nake. Mun wuce Bonkuku kaɗan ragon ya saki fitsari, iska ta kawo shi kan sabuwar rigar da na ɗinka don shiga ofishin biza a Yamai. Na ce wa mai ragon, "Ka gani?" Ya ce, "Fofo, sannu Malam, albarka ce." Na ce albarkar ta bi shi gida. Da rigar aro na shiga ofishin.

A nan anka sa na cire hula don hoto, sannan wata mata ta ce in ɗora yatsu bisa wani gilashi mai haske. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Matar ta kama hannuna ta juya, ta ce zanen yatsuna ya goge. Na ce igiya da dagi sunka cinye shi. Sai da ta shafa mani mai, ta danne yatsun da nata hannu, sannan na'urar ta yarda da guda uku.

Jirgi ba abin faɗi. An ɗaure ka a kujera kamar akuya a turke, an ba ka abinci cikin gwangwani. Ban ji tsoro ba. Wanda ya saba kallon sama daga gindin rijiya, kallon ƙasa daga sama ba ya tada mishi hankali.

A filin jirginsu ƴan duwan, masu binciken kaya, sunka buɗe jakata. Kilishin da na sayo da cukun da uwar Rakiya ta aiko, duka sunka zuba a kwandon shara a gaban idona. Nama da nono ba su shiga, in ji su. Sai sunka kai ga ƙullin kuka da na yaji. Mutumin ya dubi garin kukar, ya dube ni, ya kira wani. Na ga abin zai yi tsawo, na lakata na sa a baki. Na lakato yajin na miƙa mishi. Ya shinshina, ya yi atishawa uku, ya ce in wuce.

Rakiya na tsaye a ƙofa. Ta rame. Ta durƙusa a tsakiyar Annasara ta gaishe ni kamar a zauren gida, mutane suna kewaye mu da akwatuna. Da ta karɓi jakata na dubi hannunta. Farcen duk ƙasa, tafin da kanta, daidai wurin da nawa yake da ita. Na bi ta munka fita.

Munka shiga jirgin ƙasa rabin yini, munka shiga mota, munka sauka wani ƙauye da bai kai Damana ba. Gidaje na dutse, hanya fes, amma ba kowa waje. Ba mai daka, ba mai tallar komai. Kare yana kwana cikin ɗaki, tsoho yana zaune shi kaɗai bayan taga. In kun haɗu, kalma guda ce gaisuwar, ba a tambayar gida ba a tambayar gajiya. Waɗanda sunka san juna kuma sai su haɗa kumatu, mace da namiji. Wata ta nufo ni da nata kumatun, na ja da baya har na taka wata fulawa.

Masu tonon suna kwana a wata tsohuwar lakol, ni anka ba ni ɗakin malam. Buta babu a ƙasar gaba ɗaya, da kwalbar ruwa na yi wata guda. Abinci burodi ne mai taurin da zai fasa kan kare, da ganye ɗanye, da wani cuku mai wari wanda in ka kawo shi kasuwar Filinge za a kira maka jandarma. Su ga shi sun zubar da namu mai tsabta! Rakiya ke duba mani abin da ba alade, ran da ta samu sarari ta tuƙa mani tuwon masara da miyar kuka. Rana kuma ba ta san faɗuwa ba. Agogo ya ce tara ta wuce, ita tana nan tsaye, kai kana jiran magariba kana hamma.

Washegari ta kai ni wurin aikin. Gona ce ta ciyawa, shanu a gefe, da ramuka huɗu masu kusurwa an kewaye su da zare.

Na ce, "Ina ginin?"

Ta ce, "Kana tsaye a kanshi, Baba."

"Shekara shida a kan ciyawa?"

Ta yi dariya, ta zaunar da ni, ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa. Ta ce ɗaruruwan shekaru da sunka wuce, tun kafin kakannin kakanninmu su sauka ƙasarmu Kurfai, a nan akwai gidan masu ibada na Kirista. Suna ce mishi piriyore. Kamar ƙaramar zawiya ce da ke ƙarƙashin wata babba can nesa. Wani mai ƙasa ya ba su filin don su riƙa yi mishi addu'a bayan ranshi. Maza ne zalla, ba su aure, ba mai abin kanshi, ko rigar wuyanshi ta gida ce. Suna tashi ibada tun kafin asuba, su yi ta a kan lokaci har rana ta faɗi, tsakani su yi noma su yi rubutu.

Ta ja dogon zane daga yamma zuwa gabas, ta ce majami'arsu ke nan, wurin limaminsu a gabas. A jikinta akwai tsakar gida mai kusurwa huɗu, da rumfar dutse kewaye, inda suke zagayawa suna karatu. Gefe guda ɗakin shawara, samanshi wurin kwana, duka a ɗaki ɗaya. Gefe guda ɗakin cin abinci, ana ci shiru, mutum ɗaya yana karanta musu littafi. Gefe na ƙarshe rumbu da masaukin baƙi. A tsakiyar tsakar gidan, rijiya.

Na ce, "To, waɗanga sun san zama. Me ya cinye su?"

Ta ce annoba ta rage su, yaƙi ya ƙone rabi, sunka gyara, sunka yi ta raguwa har sunka koma mutum biyu ko uku. Da mutanen ƙasar sunka tuɓe sarkinsu, gwamnati ta sayar da gidan. Wanda ya saya ba ibada ta dame shi ba, dutse yake so. Amalanke amalanke anka kwashe. Ta nuna ƙauyen da tsinken. "Ga shi can, Baba. Rabin gidajen nan da shi anka gina su."

A wani rami sun iske kaburbura, ƙasusuwa a jere, ƙafafu gabas. Ban san addu'ar da zan yi musu ba. Na dai cire takalmi kafin in wuce.

Yanzu ga inda matsalar take. Gindin majami'ar sun same shi. Tsakar gidan ce ba su samu ba. Malaminta, wani dogo mai farin gemu, Musye Bernar, ya ce kudu take, don a can anka saba ginawa, wajen rana. Rakiya ta ce arewa take, don ta nan ruwa yake, kuma duk littafin da take rubutawa na digirinta a kan wagga magana ya tsaya. Sun gina ramu uku a kudu, ba komai. Sun gina ɗaya a arewa, ba komai. Suna da na'ura da ake turawa kamar amalanke tana ganin ƙarƙashin ƙasa, amma a arewa ta rikice, don an taɓa binne tsohuwar waya da ƙarafa a wurin. Izinin rami guda ya rage musu. Mai gonar kuma, wani tsoho Marsel, ya ce ƙarshen wata zai zuba siminti a arewan ya yi wa shanunshi rumfa. In siminti ya sauka, shekara shida ta Rakiya ta shiga ƙarƙashinshi.

Na ce a raina, to, ga dalili ya samu, in abin ya faɗi sai in ce mu tafi gida. Amma na ga yadda take cin abinci a tsaye, ido a kan takarda. Na ɗaga maganar zuwa gobe. Goben ma na ɗaga.

Rana ta huɗu gwiwa ta matsa mani, na je na zauna inuwar bangon rumbun Marsel. Na jingina, hannuna ya faɗa kan wani dutse a ƙasan bangon. Kafin idona ya gani yatsuna sun gane. Gurabu ne a jere, santsi kamar cikin ƙwarya. Na kira Rakiya.

"Wanga fa?"

Ta ce, "Mun rubuta shi. Wurin wasa wuƙa ne."

Na ce, "Wane ne ya ce?"

"Musye Bernar."

"Kira shi."

Ya zo yana goge tabarau. Na ce wa Rakiya ta fassara daidai, kar ta sa mani zuma a magana. Na ce wuƙa tana cin dutse a shimfiɗe, bakin gurbinta kaifi ne. Wanga gurbi zagaye ne, ya yi zurfi a leɓe ya shafe a ƙasa. Igiya ce. Igiyar guga mai nauyi, ana ja ana ja shekara da shekaru. Duk itacen bakin rijiya daga Filinge har Abala haka yake. Na ce ya dubi bayan dutsen, a lanƙwashe yake. Na ɗauko zare na gwada lanƙwasar, na ce bakin rijiyar gaba ɗaya ne da kamu ɗaya.

Ya durƙusa ya daɗe yana shafawa. Mutumin kirki ne, bai yi gardama ba. Ya ce na yi gaskiya, bakin rijiya ne. Amma dutse ba ya faɗin inda anka ɗauko shi, in ji shi, kudu ko arewa duk ɗaya.

Na ce, "Dutse ba ya faɗi. Ƙasa tana faɗi."

Kun san yadda muke yi. In mutum zai gina ɗaki a tsohon kufai, yana tsoron rijiyar da anka cike, ni ake kira. In cire takalmi, in ɗauki taɓarya, in bi wurin ina duka. Ƙasar da ba a taɓa ba tana mayar maka da dukan, taɓarya ta yi tsalle. Wadda anka cike, ko ta shekara nawa, haɗiye dukan take, ka ji shi ya tafi ƙasa ta tafin ƙafarka. Ba sihiri ba ne, ubana ya koya mani da mari.

Da na yi sallar asuba na tumɓuke wani turken shinge mai kauri, na shiga arewan gonar ba takalmi. Raɓa kamar ƙanƙara. Taki ɗaya, duka ɗaya. Na yi layi biyar sai ga haushi. Marsel ne da karenshi da cokalin ciyawa a hannu, fuska ja, yana zuba faransanci irin wanda ba a koya mana a lakol ba. Baƙin mutum da asuba yana dukan gonarshi da turkenshi, ni ma da haka zan yi. Na ce, "Bonjur, Musye." Bai sauka ba. Sai na nuna takalmanshi, na yi alamar ya cire. Ya dube ni kamar mahaukaci. Na miƙa mishi turken, na nuna ƙasa. Manomi ne, son sani ya fi ƙarfin fushinshi. Ya cire, ya doka. Na ja shi gaba, ya doka. Haka munka yi ta yi, ni in gaji ya karɓa, kare na bin mu.

Safiya biyu muna wanga. A ta biyu, kusa da wata ƙaya, na doka na ji dukan ya tafi bai dawo ba. Na sake. Na ba Marsel turken. Ya doka, ya tsaya, ya dubi ƙafafunshi, ya dube ni, ya ce, "O la la." Na jera duwatsu a wurin.

Rakiya ta zo ta tsaya bisa duwatsun. Ta ce, "Baba, rami guda ya rage mani. Ka tabbata?"

Na ce, "Ƙasar Kurfai na sani. Wagga baƙuwa ce gare ni. Amma ƙafata ta ji."

Musye Bernar ya ce mai yiwuwa ramin shara ne, ko inda anka binne saniya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ramin nata ne, ita za ta zaɓa. Ta dubi takardarta, ta dubi ƙafafuna da sunka yi fari don sanyi. Ta ce a ja zare.

Ku da kunka san ni kun san ba ni da haƙuri. Mutanen nan da ɗan cokalin gini da burushi suke tono. Abin da zan gama kafin azahar su sai su kwana biyu, kowane ɓallin tukunya sai an yi mishi hoto kamar ango. Rana ta farko ba komai. Ta biyu fasassun tukwanen rufi da tsatsar waya. Na kasa cin abinci. Na ce a raina, Haruna, ka zo ka mayar da ita gida, ga shi ka yi, da ƙafarka ka kashe mata aiki. Marsel ya zo ya zauna kusa da ni, ya ba ni tuffa.

Rana ta uku da hantsi tana kankare bangon ramin na gabas, cokalin ya yi ƙara. Ta share. Dutse. Ta share gaba, wani dutsen, a lanƙwashe, ya kama na farko. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago kai ta ce da Hausa, a gaban kowa, "Baba, ka kuskure da kamu ɗaya da rabi."

Na ce, "Gwiwa ce. Da ina da shekarunki da a tsakiya zan sa ki."

Anka faɗaɗa ramin. Da'irar ta fito cif, gaba ɗaya da kamu ɗaya, Musye Bernar da kanshi ya gwada ya nuna mani mitar. Kwana biyu bayan nan sunka iske daɓen dutse da gindin ginshiƙin rumfa. Tsakar gidan arewa take. Dattijon ya cire hula a gaban ɗalibanshi ya ce wa Rakiya ita ke da gaskiya, shi ya ɓata musu ramu uku. Marsel kuma ya ce zai kai rumfar shanun bayan rumbu, shanu ba su damu da inda anka sa su ba.

Da sunka kwashe cikon rijiyar ya kai tsayin mutum da rabi, doka ta ce mai shiga sai ya sa hular kwano da ɗamara mai ƙugiya, wani kuma ya riƙe igiya a sama. Na fara naɗe hannun riga. Rakiya ta ce, "A'a, Baba. Rijiyata ce."

Tana ƙarama, in ta biyo ni wurin aiki korarta nake, in ce ba wurin mata ba ne. Musye Bernar ya kai hannu ga igiyar. Na ce wa Rakiya, "Gaya mishi ya saki." Shekara talatin ni ake riƙe wa igiya, ban taɓa riƙe wa kowa ba. Na kafa ƙafa, na zagaya igiyar a ƙugu yadda ubana ke yi.

Ta sauka. Daga ƙasa na ji muryarta, "Saki!" Na saki. "Tsaya!" Na tsaya. Kalmominmu ne na bakin rami, da irin muryar da ake faɗinsu. Ashe duk korar da nake yi, tana bayan gawo tana ji.

Can ta ce, "Ja guga!" Anka jawo. Ƙasa ce baƙa, da ɗanshi. A wurinmu ɗanshin farko na maigidan aiki ne, shi ke fara taɓawa. Musye Bernar ya matso da ledarshi da alƙalami. Sai muryarta ta fito daga ramin, da faransanci sannan da Hausa: a fara ba Baba.

Na ɗiba, na shinshina, na sa a harshe. Na ce ruwan na da daɗi, masu ibada sun iya zaɓen wuri. Sannan na ba dattijon ya sa a leda.

Maganar da na ɗauko daga Filinge ban faɗe ta ba, da ita na dawo. Rakiya za ta zo in ta gama, ta ce akwai kufai a Kurfai da ba wanda ya taɓa tambayar su komai, kuma tana son ƙafata.

Isa, in an karanta maka wanga, ka ji: gaskiyarka, ɗiyar Haruna ta haye teku ta gina rami. Ni na riƙe mata igiya. Zuba mani shayi, kar ka cika sukari.